Motar Littattafai da Mutanen Karkara

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, aka ba shi takardar shaida, ya yi kama da manomin da ya sayi sabuwar fartanya amma ba shi da gona. Ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya rubuta sunansa, ya iya duba takardar asibiti. To, bayan wannan me zai karanta? In mazaunin birnin Dutse ne, da sauƙi, gama can akwai makarantu da masu sayar da littattafai, har da jami'ar tarayya wadda aka kafa a 2011. Amma mutumin da ke wani ƙauye a bayan Kiyawa, ko Miga, ko Buji, ya kan yi watanni bai riƙa takarda mai rubutun boko ba. Karatun da ba a bitarsa kuwa zubewa ya kan yi, kamar katangar da aka bari ba yaɓe har damina biyu.

Wannan damuwa ba yau aka fara ta ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan En'e don mutane su sami labarin yaƙi. A 1952 aka kafa babban ɗakin littattafai na Jihar Arewa a Kaduna, daga nan aka riƙa cika akwatuna da littattafai ana aika wa waɗannan ɗakuna, in sun daɗe a mayar a kawo wasu. Cikin waɗannan shekaru ne kuma hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, kamar Sodangi ta lardin Kano, wanda ƙasar Dutse ke cikinsa a wancan zamani. Dabarar akwati mai kyau ce, sai dai tana da aibi biyu. Yawancin abin da ke ciki da Turanci ne, sa'an nan akwatin a garin hakimi ya kan tsaya. Talakan da ke nesa da garin tafiyar yini bai ma san an kawo ba.

A Jihar Gabas sai aka bi wata hanya. A 1958, da taimakon hukumar UNESCO, aka sa mota a Inugu wadda aka shirya mata kantoci a ciki, tana zagayawa tana ba da aron littattafai, kowane wuri da ranarsa. Inda mota ba ta shiga kuma, wasu ƙasashe ba su zauna jiran kwalta ba. A Garisa, ƙasar Kenya, cikin 1996, hukumar littattafai ta ƙasar ta ɗora akwatuna a kan raƙuma ta bi makiyaya. Raƙumi ɗaya ya ɗauki littattafai, ɗaya ya ɗauki tanti, na uku na ko-ta-kwana. A Zimbabuwe amalanken jakuna aka yi aikin da shi. A Kwalambiya kuwa wani malamin makaranta, Luis Soriano, da jakunansa biyu ya riƙa kai wa yaran ƙauye littattafai. Ashe abin da Bahaushe ya saba kai taki gona da shi ya isa kai ilmi.

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana da ƙananan hukumomi 27, yawancin mutanenta kuwa manoma ne da makiyaya. Ba shi yiwuwa a gina ɗakin karatu a kowane ƙauye, a sa masa ma'aikaci. Amma ƙasar tana da abin da ya sauƙaƙa al'amarin, watau kasuwannin mako. Ran da kasuwar Shuwarin ta ci, ko ta Sara, ko ta Gujungu, ƙauyuka masu yawa su ke haɗuwa a wuri guda ba tare da an yi shela ba. Mota ɗaya ta tsaya a gindin bishiya kusa da 'yan hatsi, mutum ya ari littafi yau, kasuwa ta zagayo ya mayar ya karɓi wani. Ba a ɗora masa wata tafiya ba, don dā ma zai zo. Aro da mayarwa kuma ba baƙon abu ba ne. Tun wajen 1990 masu ba da hayar littattafan hikaya na Kano sun nuna cewa mutane, musamman mata, za su biya kuɗi su karanta in abin ya yi musu daɗi.

Abin da za a zuba cikin motar shi ya fi ita kanta muhimmanci. Wanda ya fito daga aji jiya ba ya bukatar ƙaton littafin Turanci da wata ƙasa ta gaji da shi ta aiko sadaka. Yana bukatar Hausa mai manyan baƙaƙe: yadda ake ajiye wake kada ya yi ƙwari, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na zawo, yadda ake renon dabino, abin da aka san Dutse da shi. A haɗa da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, don ba kullum mutum ke son wa'azi ba, wani lokaci dariya ya ke so. A sa na ajami kuma, gama da yawa daga cikin dattawa da shi suka fara.

Akwai masu cewa wayar hannu ta raba gardama. Lalle waya ta kai inda akwatin Kaduna bai kai ba, amma tana cin caji, tana cin kati, kuma a gidaje da yawa tana aljihun maigida. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, saboda haka sai a ba malamar ajinsu ƙaramin akwati, ta ajiye a ɗakinta, ta riƙa rubuta sunan mai aro.

Da damina, in ruwa ya yanke hanyoyin fadamun Jahun da Miga, mota sai ta haƙura. Lokacin nan manomi ma ba shi da sukuni. Daga kaka zuwa bazara, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, zaman dandali ya yi tsawo, nan ne ya kamata a ji ƙahon motar a bakin kasuwa.