Ƙullutu a Nonon Budurwa Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Yau ina so mu taɓa wata magana wadda kunya ta hana mu yi a tsakar gida, wato ƙullutun da kan fito a nonon yarinya budurwa. Da yawanmu da zarar mun ji an ce ƙari a mama, sai hankali ya tashi, mu ce sankara ce. To, ku kwantar da hankalinku. Sankarar mama ba safai take kama yarinyar da ba ta kai shekara 20 ba.

Abin da ya fi fito wa 'yan mata shi ne wani ƙari wanda likitoci ke kira faiburo'adinoma. An fi ganinsa tsakanin shekara 15 zuwa 35. Idan kin taɓa shi za ki ji shi sumul kamar ƙwallon roba, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, kuma galibi ba ya ciwo. Sinadarin da ke sa jikin mace ya cika lokacin balaga shi ke ciyar da shi. Yawancinsa ba ya wuce girman gyaɗa ko goro. Amma akwai irin da kan kama yara 'yan shekara 10 zuwa 18, ya yi ta girma cikin 'yan watanni. Idan ya wuce santimita 5, wato kamar inci 2, ko ya kai nauyin rabin kilo, shi ne babba. Sai nono ɗaya ya rinjayi ɗaya, fata ta miƙe, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa.

Na ga wannan da idona a ajin da nake koyarwa. Wata yarinya 'yar shekara 14, mai ƙoƙari ƙwarai wajen lissafi, ta shiga tafiya a duƙe, ba ta cire hijabi ko ana zafin bazara, daga baya ta ɗauke ƙafa. Da na bi ta gida na zauna da mahaifiyarta, ashe wata takwas tana ɓoyewa, tana tsoron a ce an yi mata jifa, ko a ce ba ta auruwa. Da aka kai ta asibiti a Gusau aka cire abin, ya kai lemo girma. Yanzu ga ta nan a aji lafiya lau. Da ta faɗa tun yana ƙarami, da tabon bai kai haka ba, da kuma karatun zango guda bai wuce ta ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ke 'yar makaranta, sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki, ki shafa ko'ina da cikin yatsunki har hammata. In kin ji baƙon abu, ki gaya wa innarki ko yayarki ko malamarki a ranar. Ke kuma uwa, kada ki tare ta da faɗa ko zargi, ba laifin da ta yi.

Don Allah kada a kai ta wurin wanzami a yi mata sakiya ko tsaga. Wannan ba maruru ba ne, ba ruwa ko mugunya a ciki, tsoka ce. A kuma lura, yarinya 'yar shekara 8 zuwa 13 idan ta fara ƙirgar dangi, akan ji ɗan tauri ƙarƙashin kan nono, wani lokaci gefe ɗaya ya riga ɗaya. Wannan tushen nono ne. In aka yanke shi, nonon ba zai fito daidai ba har abada.

Mu mutanen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum mun san amfanin awo. A 2010, da yara ke ta mutuwa a Dareta da 'Yargalma, sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce. Haka wannan ma, hannu kaɗai ba ya rarrabewa, domin akwai wani ƙari mai kama da shi wanda kan zama mugu. Likita zai duba da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu, wani lokaci ya ɗebi ɗan kaɗan da allura a auna. Ƙarami akan bar shi ana lura da shi. Babba kuwa akan ɓare shi a fitar, a bar nonon, kuma galibi mace ta shayar da 'ya'yanta daga baya.

A fara da babban asibitin Anka ko na Gummi. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na san hanya ba daɗi, kuɗin mota kuma ba sauƙi, amma kowane wata aka ƙara, aikin yana ƙara girma. Ku karanta wa maigida wannan shafi, don shi zai ba da izini da guzuri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.