Cinikin Motar Kwana a Birnin Yerwa

Wanda ya baro Kano da asuba ya nufi gabas, ya wuce Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, zai ci tafiyar da ta kusa kilomita 600 kafin idonsa ya sauka a kan jerin itatuwan dogon yaro da ke yi wa baƙo maraba a Maiduguri. Garin nan, wanda mutanensa suka fi so a kira shi Yerwa, bai tsufa ba in an gwada shi da Kano ko Katsina, gama a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinsa. Amma Allah ya ajiye shi a mararraba. Hanya ɗaya ta bi ta Bama zuwa Banki ta shiga Kamaru, wata ta bi ta Dikwa zuwa Gamborun Ngala ta nufi Njamena, wata kuma ta yi arewa zuwa Baga da bakin Tafkin Cadi. Garin da hanyoyi suka haɗu a cikinsa haka ba ya rabuwa da cinikin abin hawa, ko raƙumi ko mota.

A shekarun 1970 da na 1980 akwai wata irin mota da yaran Yerwa kan kewaye suna kallo duk inda ta tsaya, watau motar kwana ta Turawa masu yawon buɗe ido. Yawancinsu kirar Volkswagen ce da ake kira Kombi, wasu kuma Land Rover. A ciki an shimfiɗa gado, ga 'yar murhun gas, ga kabad na kwanoni, ga labule a taga, a bisa kuma an ɗaure jarkokin mai da na ruwa da faranten ƙarfe na fid da taya daga rairayi. Masu su sukan taso daga Jamus ko Faransa ko Ingila, su ƙetare teku zuwa Aljeriya, su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sauka Agadas, daga nan sai Damagaram, sai Kano. Maiduguri ce zangonsu na ƙarshe a Nijeriya kafin su shiga Kamaru, su doshi dazuzzukan tsakiyar Afirka.

To, ba kowace ce ke wuce zangon ba. Kombi injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Wannan ya sa ba ta neman ruwa a hamada, amma rairayi da zafi suna cin injinta sannu a hankali. Da yawa kan iso Yerwa suna tari, ga guzurin mai mota ya yi ƙasa, ga damina ta kusa, alhali kuwa kowa ya san baƙar laka ta firgi da ke hanyar Dikwa ba ta yi wa mota sassauci da zarar ruwa ya sauka. A nan ne Bature kan fara tambayar wanda zai saya. Akwai ma waɗanda tun daga gida da niyyar sayarwa suka taso, musamman masu tuƙo Peugeot 404 da 504, waɗanda mutanenmu ke kira Fijo. Su dai ribar motar ce ke biya musu jirgin komawa.

Ciniki da baƙo mai gaggawa yana da daɗi, sai dai akwai ƙaya a cikinsa. Motocin nan da wata takarda ta wucewa suke shigowa, wadda a cikinta mai mota ya yi alkawari zai fita da ita daga ƙasa, ya kuma ajiye kuɗin jingina a ƙasarsu. Wanda ya sayi irin wannan mota bai biya kuɗin kwastan ba, to ya sayi rigima da kuɗinsa. Ga kuma zancen sitiyari: tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, saboda haka motar da ta fito Ingila da sitiyarinta a dama ta zama baƙuwa a kan titi. Duk da haka ana saye, domin kayan gyara ba su yi wuya ba. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Volkswagen a Ikko da ta Peugeot a Kaduna, kusan kowane bakanike ya san cikin waɗannan injuna kamar yadda ya san tafin hannunsa. Abin dariyar shi ne, mai saye ba gadon yake so ba. Rana ta farko zai sa kafinta ya ɓalle gado da kabad, a jera kujeru, motar da ta kwana a ƙarƙashin taurarin Sahara ta koma kiya-kiya tana jigilar mutane da buhunan busasshen kifi tsakanin Baga da Yerwa.

Wannan zamani ya wuce. Tawayen Buzaye a Nijar daga 1990 da yaƙin cikin gida na Aljeriya daga 1992 suka rufe hanyar hamada ga masu yawo, rikicin da ya tashi a Barno a 2009 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Ita kanta Kombi an daina ƙera ta a 2013, a Barazil, inda ta fi daɗewa. Amma buƙatar mota mai sauƙin kuɗi wadda mutum zai yi sana'a da ita, ya kuma miƙe ƙafa a cikinta in dare ya yi masa a hanya, tana nan. Bayan karyewar naira a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, aka koma ga 'yan Beljiyam, watau tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Don haka mai ƙaramin ƙarfi a Yerwa yau ko 'yar Beljiyam ba ya tunkara, sai wadda ta riga ta sha wuya a hannun mutum biyu ko uku a cikin ƙasa.

Irin wannan mai saye ba ɗan yawon shaƙatawa ba ne. Sau da yawa magidanci ne da rikici ya koro daga ƙauye, ko wanda ya yi shekaru yana tuƙa keke Napep tun bayan hana babura a garin a 2011, ya tara 'yan kuɗinsa, matarsa ta sayar da zoben gwal, ɗan'uwa ya ranta masa cikon. Burinsa tsohuwar Toyota Hiace, wadda ake kira hayis, ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katifa. In motar ta yi kyau gida ya tashi, in ta ci amanarsa ba shi da na biyu.

Saboda haka ba ya zuwa shi kaɗai. Dillali zai tarye shi da fara'a, "Alhaji, wannan ai tuwona maina ce, kunna ka ji," ko da kuwa bai taɓa zuwa Makka ba. Amma maganar da za a kama ita ce ta bakanike da ya taho da shi. Bakaniken kirki ya fi son ya ga mota da sassafe, kafin kowa ya tashe ta, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Zai zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa. Zai tsaya a baya ya dubi hayaƙin salansa, in shuɗi ne injin yana shan mai. Zai kwanta a ƙasa ya bi shasi da ido yana neman inda aka yi walda, ya ƙwanƙwasa bodi ya ji inda fanel-bita ya cusa ƙulli ya rufe da fenti. Hayis da yawa daga Japan suka fito da sitiyari a dama aka juya shi, to dole a duba ko juyin na gwani ne. Sannan a gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takardun kwastan, harafi bayan harafi. Wannan aikin na ƙarshe shi ne mutane suka fi ƙyuiya a kansa, shi ne kuma ya fi kai mutum ofishin 'yan sanda.

Tun daga 2024 an sami ƙarin abin dubawa wanda babu shi a da. A ranar 10 ga Satumba na shekarar madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya shiga gari, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu, irin abin da ba a gani ba tun ambaliyar 1994. Motoci da yawa sun kwana a cikin ruwa har rufinsu. Irin wannan mota, in an wanke ta aka shanya, ba mai gane ta daga nesa. Sai an ɗaga shimfiɗar ƙasa an ga busasshen taɓo a lungu, ko tsatsa a ƙarfen kujera, ko an ji warin rima da turaren Barno, duk da ƙarfinsa, ya kasa rufewa. Wayoyin wutarta kuwa sai bayan wata biyu ko uku za su fara nuna halinsu, yau fitila ta ƙi, gobe mota ta mutu a tsakiyar daji.

Mutuwar mota a daji kuwa a Barno ba zancen ɓata lokaci kaɗai ba ne. A daren 9 ga Fabrairu 2020, matafiya da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana cikin motocinsu a Auno, kimanin kilomita 25 daga gari a kan hanyar Damaturu. 'Yan bindiga suka auka musu, suka cinna wa motocin wuta, mutum aƙalla 30 suka rasa rayukansu. Direbobin Yerwa ba su manta ba. Shi ya sa katifar da mai hayis ke shimfiɗawa a bayan motarsa ba don kwana a ƙarƙashin taurari ba ce irin ta Turawan da; don kwana a cikin tasha ce, a Kano ko Potiskum, inda akwai fitila da mai shayi da 'yan'uwa direbobi, ya tsira da kuɗin masauki. Abin da yake nema ga injin shi ne ya kai shi gari tun da sauran rana.

In an daidaita, sai a tafa hannu, mai mota ya ce ya sallama, a rubuta takardar ciniki a gaban shaidu biyu, dillali ya karɓi la'adarsa daga ɓangarorin biyu. Mai hankali yakan rage wani abu a aljihu, domin taya da batir da birki ba sa jiran a huta, ga kuma man fetur da ya yi tsada tun da aka janye tallafi a Mayun 2023. Daga nan sai a tuƙa ta zuwa garejin bakaniken, a juye tsohon baƙin mai a zuba sabo, kafinta ya auna bayanta da igiya don katakon da za a ɗora katifa, mai fenti kuma ya tsaya da burushi a hannu yana jiran a gaya masa abin da za a rubuta a goshinta.