Daga Magariya zuwa Dungas: iyakar takarda da iyakar ƙasa

Wanda ya baro Damagaram da sassafe ya yi kudu, in ya wuce Dogo da Bande, zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Rairayi na nan, amma ga giginya da gawo, ga fadamu inda ake noman rake. Kafin rana ta take ya isa Magariya, kuma tun daga tasha zai gane ya zo bakin iyaka: mai shayi na karɓar sefa, yana karɓar naira, bai ko ɗaga kai ba. Daga nan zuwa Tinkim, inda ƴan duwan suke, tafiya ce kaɗan. Gaba da su sai Babban Mutum, sai Baɓura, sai Kano.

Wannan iyaka ba ta kai tsufan garuruwan da ta raba ba. Tsakanin 1906 da 1908 ne Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamunta, alhali gidan sarautar Magariya reshe ne na gidan Daura, kamar Zango da Ɓaure. Wani Ba'amurke, William Miles, wanda ya koyar a Magariya a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta littafi a 1994 a kan Yekuwa ta wajenmu da Ƴardaji ta wajen Daura: harshe ɗaya, aure ɗaya, gwamnati biyu.

To, akwai wasu cibiyoyi da aikinsu shi ne nazari da ba hukumomi shawara. Ba su da soja, ba su da baitulmali, sai alƙalami da taro. Ɗaya daga cikinsu ita ce Club du Sahel, wadda aka kafa a 1976, mazauninta a Paris. Ita ce, tare da Enda ta Dakar, ta yayata ra'ayin tsohon shugaban Mali Alpha Oumar Konaré, cewa a daina kallon iyaka a matsayin bango, a ɗauke ta ƙasa ce mai mutanenta da kasuwanninta. Bafatake zai ce wannan ai kakarsa ma ta sani. Gaskiya ne. Amma abin da kaka ta sani ba ya shiga kasafin kuɗi sai wani ya rubuta shi da faransanci.

Yunwar 2005 ce ta nuna amfaninsu. Hukumomi sun tsaya suna auna abin da aka girbe cikin Nijar kaɗai, alhali farashin tiyar gero a Magariya ko Dungas yana bin na kasuwar Dawanau ta Kano da darajar naira. A shekarar nan hatsi ya yi tsada a Najeriya ma, ƙofar da muka saba samun sauƙi ta toshe, yara suka cika asibitoci. A 2006 Club du Sahel da CILSS da wasu ƙungiyoyi suka aiko masu bincike tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, daga nan aka haifi shirin da ake kira K2M, aka ɗora shi a wuyan hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda ke Yamai tun kafa ta a 1971. Masanan LASDEL na Yamai kuma suka shiga ƙauyuka, suka nuna cewa gidaje da yawa ba da rumbu kaɗai suke kai ƙarshen shekara ba, har da kuɗin ƴan ci-rani. A ganina wannan aiki ne na ƙwarai. Sai dai Maraɗi ce ta ci moriyar suna. Mu nan kudancin Damagaram daga baya aka tuna da mu.

Hanyar Dungas tana gabas. Dungas ta rabu da Magariya ta zama gunduma mai kanta a 2011, amma hankalin mai kiwo a nan yana ga Maigatari ta jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Tun Laraba za ka ga garken shanu da raguna sun nufi kudu, ana dawowa da masara, taki da tufafi.

A nan ne mutum ke ganin iyakar ƙarfin masu nazari. Buhari ya rufe iyaka a 1984, har aka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa, ba a buɗe ba sai 1986. Ya sake rufewa a watan Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Maigatari na ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta. Cibiyar Crisis Group ta fitar da rahoto a ƙarshen shekarar tana cewa talaka ne ke shan wuya, a sake lale; sanatocin arewacin Najeriya da malamai da sarakuna su ma sun ƙi yaƙi tun farko. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a Maris. Ko wace murya ce ta fi nauyi a kunnen Abuja, ni dai na fi zaton ta malaman ce. A duk rufewar nan uku, ba a tambayi mai nazari ba kafin a sa kwaɗo, balle mai raguna. Kuma ba a taɓa hana kaya wucewa ba. An dai mayar da su kan babur ta barauniyar hanya, kuɗin hanya ya ƙaru, mai saye ya biya.

Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, muhawarar ta fi da nauyi, domin dokar zirga-zirgar da ɗan kasuwa ke dogaro da ita ta koma abin da za a sake tattaunawa. Rahotannin nan kuwa na faransanci ne da ingilishi. A tashar Dungas na gwada fassara wa wani dillalin dabbobi abin da ɗaya daga cikinsu ya ƙunsa. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya tambaye ni nawa ake canjin jika a yau.