Gadon Dokin Ƙarfe

A ranar da aka raba gadon mahaifinsu a wata unguwa cikin birnin Kano, babu wanda ya waiwayi tsohon keken da ke jingine a bayan ɗakin ajiya. Tayoyinsa sun ruɓe, tsatsa ta daskarar da sarƙarsa, kaji kuwa sun mai da sirdinsa wurin kwana. Babban wansu ma ya riga ya yi magana da wani ɗan gwangwan da zai ɗora shi a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Sai ƙaramin cikinsu, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, ya nemi a sanya masa shi cikin rabonsa.

"Me za ka yi da wannan tarkace?" in ji wan.

"Hawa zan yi, Yaya."

Aka yi dariya, aka rubuta masa.

Keken ƙirar Raleigh ne, wanda Hausawa ke kira Rali, kamfanin da ya kafu a birnin Notingam na Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifin ya saye shi a 1975, shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, ya kuma hau shi zuwa aiki har ƙarfinsa ya ƙare. A goshin keken akwai tambarin kamfanin mai hoton kan zalɓe, kuma irin wannan zalɓen aka sassaƙa a jikin babban faifan da ke jan sarƙa.

Malam bai yi niyyar mayar da keken yadda yake a da ba. Ya daɗe yana sha'awar hotunan 'yan tseren keke na Faransa, inda aka fara babbar gasar zagaya ƙasar a 1903. Kekunan wancan zamani ba su da wani ado: firam na ƙarfe, kai mai sunkuyawa ƙasa, da giya ɗaya tak, domin sai a 1937 aka yarda masu gasar su yi amfani da na'urar canza giya. Da ya dubi keken mahaifinsa da kyau, sai ya ga cewa in aka tuɓe masa kayan nauyi, ƙashin da zai rage bai yi nisa da na waɗancan ba.

Tuɓewar ba ta ba shi wuya ba. Cikin yini guda ya kwance kariya, da marufin sarƙa, da abin tare taɓo na gaba da na baya, da fitila. Ya jiƙa boris da notuna a kananzir, ya kankare tsatsar firam, ya shafa baƙin fenti. Daga nan ne keken ya fara nuna masa halinsa.

Birkin Rali na sanda ne, kuma hannayensa a haɗe suke da kan keken, saboda haka ba yadda za a kifa kan ya sunkuya. Dole a sami wani kai daban da birkin waya. Shi kuma birkin waya gefen ƙafa yake matsewa, alhali tsohuwar ƙafar an ƙera ta ne domin birki ya kama ta daga ciki. Sauya kai ya jawo sauya birki, sauya birki ya jawo sauya ƙafafu. Asabar huɗu a jere yana zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa yana tona tulin ƙarafa, kafin ya sami ƙafafu biyu na wani keken tsere na gwanjo da firam ɗinsa ya karye. Da ya ɗaura su, sai ga wata matsalar. Faɗin tsohuwar ƙafar milimita 635 ne, na sabuwar kuwa 622. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba, amma da ma firam ɗin mai sarari ne, don haka robar birki ta tsaya a kan taya, ta kasa kaiwa ga ƙarfe.

Wani mai walda ya ba shi shawarar a yanke ƙarafan baya na firam a rage tsawonsu. Shawarar ta kwana biyu tana yi masa yawo a zuciya, domin ita ce hanya mafi sauƙi. Kafin ya yanke hukunci, sai ya tura keken wurin wani dattijo mai gyaran keke, wanda ya shekara fiye da arba'in a gindin dalbejiya guda. Dattijon ya kankare fenti a wata mahaɗa da bakin wuƙa, wani rawayan layi ya bayyana.

"Malam, dubi nan. Da tagulla aka like waɗannan bututu, ba a ƙona su ba. Siraran gaske ne. In ka bari ya sa musu wutar walda, ranar da za su balle kana kan gangara."

"To, Baba, yaya za a yi?"

"A bar firam, a sauko da birki."

Haka aka yi. Maƙeri ya yanko ɗan falle na ƙarfe mai kauri, ya huda shi sama da ƙasa, aka ɗaure saman a firam, aka rataya birkin a ƙasan.

Sai kuma maganar kofunan da ke riƙe sandar feda. Malam ya sayi wasu masu ƙyalli, amma da ya murɗa su sau biyu sai suka cije. Ya ɗauki babbar sifana zai tilasta musu, dattijon ya riƙe hannunsa. Tsagin da kamfanin Raleigh ke yi wa tsofaffin kekunansa layi 26 ne a kowane inci, na akasarin sauran kekunan Ingila kuwa 24. Ido ba ya rabe su, amma da ya matsa da ya lalata tsagin firam ɗin har abada. Ya koma ga tsofaffin kofunan mahaifinsa, waɗanda bayan wanki da sabon giris suka juya sumul. Wannan ya sa faifan nan mai zalɓe ya tsira, kuma gaskiya babu wani sabon faifai da zai yi wa keken kyau kamarsa.

A wajen giya ne kawai ya sami abin da ya fi dattijon sani. Faifan gaba haƙora 46 gare shi. Ya cire na baya mai 18 ya sa mai 16, ya lissafa cewa duk juyin feda ɗaya zai kai shi kimanin mita shida. Ya ɗauki lissafin ya kai aji, ɗaliban da ba su taɓa kula da darasin gwargwado ba suka yi ta gardama a kan ko 14 ta fi. Baduku a kasuwar Kurmi ya sake wa sirdin fata, ya naɗe kan keken da ragowar.

Bayan wata biyar, da asubar wata Juma'a, ya hau shi zuwa gidan mahaifiyarsu. Keken ya yi sauƙi da sauri fiye da yadda ya zata, ko da yake sunkuyon ya sa bayansa ciwo, kuma birkin baya yana ɗan kuka. Tsohuwar, wadda ganinta ya yi rauni, ta fito zaure ta shafa firam ɗin har yatsunta suka kai kan tambarin. Ta daɗe a nan ba ta ce komai ba. Sannan ta laluba kan keken daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina ƙararrawar?" ta tambaya. "Da ita nake sanin ya dawo."

"Tana gida, Inna. Keken tsere ba a sa masa ƙararrawa."

"Wane ne ya hana?"

Da yamma ya zazzage buhun da ya tara kayan da ya kwance, ya same ta a ƙasa, ta cije da tsatsa. Ya jiƙa ta a kananzir ta kwana, ya ɗiga mata mai, washegari ya ɗaura ta a gefen hagu, inda babban yatsa ke iya kaiwa.