Tsoron Lahani Shi Ke Ɗaure Harshen Ɗalibi

Jama'a, har yau ba mu manta da ranar da aka fara kiranmu gaban aji a jami'a domin mu yi jawabi da Larabci ba. Mun kwana muna haddar takarda, amma da muka miƙe muka ga idanu sun yi caa a kanmu, sai yawu ya ƙafe, gwiwa ta yi sanyi, hadda ta bi iska. Alhali kuwa tun a zaure muka sauke Ajurumiyya, har mun shiga Alfiyyar Ibn Malik.

Sai daga baya muka gane abin da ya ɗaure mu, watau tsoron lahani: kada mu sa rufu'a a wurin fataha, abokai su yi mana dariya. Karatun zaure ya koya mana biyawa da fassara, amma bai saba mana da magana ba. Ku duba alhajin da ke ciniki a kasuwar Jidda. Larabcinsa gutsi-gutsi ne, amma da yake ba ya jin kunyar kuskure, sai ya saya ya sayar, ya dawo da riba.

Da wuya ta yi wuya sai muka nemi dabara. Muka bar haddace jawabi, muka riƙa rubuta kanun magana kaɗai. In kalma ta ɓace mana, sai mu kewaya da wadda muka sani. In muka yi shakkar wasalin ƙarshe, sai mu tsaya a kan ɗauri. Sa'an nan muka yi alkawari da abokan ɗaki, bayan sallar Isha'i ba mai yin Hausa. Irin wannan bukata ce ta sa aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, domin ɗalibai su zauna cikin harshen dare da rana.

An ruwaito cewa Sibawaihi kansa lahani ya yi a gaban malaminsa Hammad ibn Salama a Basra, aka gyara masa, kunyar nan ta kai shi neman nahawu wurin Khalil ibn Ahmad, har ya zama limamin fannin.

Saboda haka, iyaye da malamai, in yaro ya miƙe zai yi magana, a bari ya kai aya kafin a gyara masa. Wanda aka katse tun yana ƙarami, da wuya ya iya hawa mumbari ko ya tsaya gaban taro in ya girma. Allah Ya sa mu dace, amin.