Ɗaukewar ciwo ba ita ce izinin komawa filin golf ba

Da yawa daga cikin masu buga golf a Kano da Kaduna da Jos da Abuja mutane ne da suka haura shekara 40, kuma a waɗannan shekarun ne ciwon gwiwar hannu ya fi kama mutum. Abin da na lura ana yawan yi shi ne, da zarar zafin ya lafa sai mutum ya ɗauko jakar sandunansa ya nufi fili ya zagaye ramuka 18, bayan mako biyu kuma a gan shi yana dafe da hannu. Ni a ganina ɗaukewar zafi ba hujja ba ce ta komawa wasa. Hujjar ita ce ƙarfin da jijiyar ta sake samu, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar makonni, wani lokaci watanni.

Dalilin yana cikin yadda ciwon yake. Tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da masu miƙe shi duk suna manne da ƙashin gwiwar hannu ta wata jijiya mai tauri, wasu ta ciki, wasu ta waje. Kowane bugu yana jan wannan mahaɗa, musamman idan kan sanda ya daki ƙasa kafin ya sami ƙwallo. A hankali zaren jijiyar ya riƙa tsagewa yana lalacewa. Jini ba ya isa wurin da yawa kamar yadda yake isa tsoka, shi ya sa gyaran yake tafiyar hawainiya. Idan ka huta, zafin zai kwanta domin ka daina jan wurin, amma zaren yana nan da rauninsa. Mu kuma muna da ƙarin matsala: da rani ƙasar filayenmu takan bushe ta yi tauri, duk bugun da ya nutse sai girgizarsa ta hau sanda ta sauka a daidai inda ke ciwo.

Wani zai ce ai akwai allura, a yi ta yau, gobe a koma fili. Gaskiya ne allurar sitiroyid tana kashe zafin cikin 'yan makonni, amma an bi diddigin abin da ke biyo baya. A binciken da masana na Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka wallafa a mujallar JAMA a 2013 kan masu ciwon gefen waje na gwiwar hannu, bayan shekara guda kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar ne suka warke ko suka sami sauƙi sosai, alhali waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta kashi 96 ne. Ciwon ya dawo wa fiye da rabin masu sitiroyid, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12 kacal. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya miƙa hannunsa a kemis, ko ya haɗiyi maganin kashe zafi a bakin fili don kawai kada abokan wasa su tafi ba shi.

Wani kuma zai kawo Tiger Woods. Haka ne, a watan Yunin 2013 ya fama gwiwar hannunsa ta hagu a gasar US Open a Merion yana fitar da ƙwallo daga ciyawa mai kauri, kuma a watan Yuli ya dawo a Muirfield, a watan Agusta har ya ci gasa. Sai dai a tuna cewa ya haƙura da gasar AT&T National, wadda gidauniyarsa ce ke cin gajiyarta, domin likitoci sun ce ya huta, kuma yana da masu kula da jikinsa kullum. Wanda ya fi dacewa mu duba shi ne Mike Weir na Kanada, zakaran Masters na 2003. Ya ji rauni a gwiwar hannun dama a 2010, ya ci gaba da wasa a haka har ciwon ya tsayar da shi, a 2011 sai da aka yi masa tiyata, kuma ya shafe shekaru bai dawo yadda yake ba.

Ban ce a naɗe hannu a zauna ba, domin jijiyar da ba ta aiki ƙara rauni take yi. Abin da likitocin fisiyo ke koyarwa shi ne a ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan: ƙaramin ƙarfe a hannu, a ɗaga wuyan hannu a sauke shi sannu a hankali, ana ƙarawa mako bayan mako. Idan riƙe buta cike da ruwa ko murɗa makulli ya daina ciwo, sai a fara da gangarar da ƙwallo zuwa rami, sannan gajeren bugu, sannan rabin lilo da gajerun sanduna, ƙwallon tana bisa tsinke don kada a daki ƙasa. Doguwar sanda ita ce ta ƙarshe, kuma ramuka 9 kafin 18, da ranar hutu a tsakani. Idan zafi ya kwana har washegari, a koma matakin baya. Mariƙi mai ɗan kauri yana rage matse sanda da ƙarfi, kuma ya kamata mai koyarwa ya duba salon bugun, tunda sau da yawa daga nan ciwon ya samo asali.

'Yan uwa, mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, idan sun ba shi lokacinsa. Amma wanda ya ji ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suna mutuwa ko suna tsira-tsira, ko hannun ya kumbura bayan bugu guda, don Allah ya ajiye sanda ya ga likitan ƙashi kafin ya sake taka fili.