Kife Littafi, Biya Mu Ji

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa kafin a kafa NECO a 1999 ya san yadda watan Afrilu yake zuwa wa 'yan ajin ƙarshe. Jarrabawar WAEC ce kaɗai a gabanka, a Mayu da Yuni, ga zafin bazara ya kai maƙura. Da an kashe injin wuta da dare sai fitilun ƙwai su fito daga ƙarƙashin gadaje, ɗakin kwana ya cika da warin kananzir. Wani ya cika baki da goro, wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwa don kada barci ya sace shi, wani ya jiƙa garin kwaki ya ajiye a gefe. A lissafin yawancin yara, wanda ya fi kowa jan ido da safe shi ne gwanin karatu.

Mutum ɗaya ne a ɗakinmu ba ya shiga wannan sahu. Ya girme mu, domin sai da ya haddace Alƙur'ani a tsangayar gabas kafin mahaifinsa ya sa shi boko, shi ya sa kowa ke ce masa Alaramma. Da wuri yake kwanciya, ya riga ladani tashi. In ya ɗauki littafin Ababio na kimiyyar sinadarai, shafi ɗaya zai karanta a natse, sai ya kife shi a kan cinya ya shiga biyawa da ka. Wani lokaci ya kira ɗan ƙaramin aji ya miƙa masa littafin, ya ce, "Ƙanena, riƙe mini. In na yi kure ka tare ni, kada ka ji kunyata." Yaron ya ce, "To, Yaya," ya zauna yana bin layi da yatsa.

A wurinsa muka fahimci abin da dukanmu muka taso a cikinsa a makarantar allo. Almajiri yakan rubuta allonsa da hannunsa, malam ya duba ya gyara, ya yi ta biyawa har karatun ya zauna. Ba a ba shi izinin wankewa sai ya kawo shi ba tare da kallo ba. Bayan an wanke kuma, rubutun ya tafi, babu inda zai koma ya leƙa sai ƙirjinsa. Nan tilawa take shigowa: sabon karatu da lokacinsa, tsoho ma da nasa. Alaramma ya taɓa yi mana lissafin cewa mahaddacin da ke tilawar izu biyu kullum zai zagaye izu sittin cikin wata guda, don haka babu surar da za ta daɗe bai gaisa da ita ba. Haka ya rarraba darussanmu tara. Abin da aka koyar yau zai biya shi da dare, ya sake waiwayarsa jibi, sannan bayan mako, ko da kuwa yana jin ya riga ya iya.

Na daɗe da barin makaranta kafin na karanta cewa wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincike a 1885 da ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka gwada ɗalibai: waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Na yi murna da ganin hujjar, amma raina ya sosu, ganin yadda malamanmu na boko suke yi wa hadda kallon aikin marasa basira, alhali gardawa sun fi su sanin yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu.

Gaskiya ne hadda kaɗai ba ta warware lissafi, kuma Alaramma bai taɓa cewa tana yi ba. Ranar lissafi sai ya ce yau satu za a yi, yadda gardi ke rubuta Alƙur'ani da ka babu kallon littafi. Mu ɗauko tsofaffin takardun jarrabawa da muka gada daga na gaba da mu, duk sun yi laushi don shan hannu, a aje agogo a tsakiya, kowa ya yi nasa. In lokaci ya cika a yi musayar takardu. Wanda ya ci tambaya shi zai tashi ya yi wa saura bayani, kuma a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi sa'a kawai. Da yamma kuma a yi da'ira a gindin darbejiya irin ta musaffa, wannan ya ɗauko bayani, ya tsaya, na kusa da shi ya ɗora.

Waƙa ma ta yi mana rana. Jadawalin sau da muka rera a firamare har yau yana bakina. Ba sabon abu ba ne: Ibn Malik ya zuba nahawun Larabci cikin baitoci kusan dubu na Alfiyya, Nana Asma'u 'yar Shehu ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don mata su riƙe. Mu kuwa sunayen sinadarai ashirin na farko a jadawalin kimiyyar sinadarai muka ɗora a kan karin waƙar gaɗa, ana buga benci.

Yau ina ganin 'ya'yanmu suna ɗaukar hoton allon aji da waya, su tara tambayoyin JAMB cikin manhaja, tunda jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Kayan karatu sun yalwata fiye da yadda muka taɓa mafarki, kuma ina taya su murna. Damuwata ita ce abin da ke cikin waya kullum yana nan, yaro ba ya samun dalilin tambayar kansa ko ya shiga kai. Iyaye, ko ba ku san darasin ba, kuna iya bin layi da yatsa. In ɗanku ya ce ya gama karatu yau da dare, ku karɓi littafin daga hannunsa, ku ce ya faɗa muku abin da ke ciki.